Igiyar Genival da Ragar Ayu

Sau ɗaya a shekara muke kama ayun da cibiyarmu ta saki a bakin kogi, nan gaɓar Alagoas, a auna su, a ɗebi jini, a ga ko zaman 'yanci ya karɓe su. Ni Zuleide aikina riƙe agogo, ina ƙirga numfashin dabba daga shigarta raga har a sake ta. Ranar kuwa wata ayu mai suna Pitanga za a kama, wadda aka tsinta jaririya a kan yashi, ni na shayar da ita da kwalba shekara biyu. Yanzu ta haura kilo ɗari huɗu.

Likita Marluce, shugabar binciken, tana da doka guda. Duk mai shiga ruwa sai ya zuba zobe da sarƙa da agogo a kwano, ko riga mai maɓalli ba ta yarda. Ayu ba ta cizo, amma da ta ji raga sai ta hau birgima, ta naɗe duk abin da ya maƙale ta yi ƙasa da shi.

Mijina Genival masunci ne, kullum shi ke tuƙa jirgin da ke zuba raga. Da safen nan mutum ɗaya bai zo ba, Likita ta ce ya shiga ruwa. Ni kuwa na san abin da ke idon sawunsa: igiyar nailan mai kauri, da ɗan ƙarfe mai hoton waliyyiyar masunta. Tun da jirginsa ya kife ya tsira ya ɗaura ta, ya yi alwashin ba zai kwance ba sai ya taka da ƙafa har Juazeiro, garin da ake zuwa ziyarar ibada. Shekara biyar ke nan ƙafar ba ta wuce kasuwar kifi ba. Ina kallo ya ja safar roba ya rufe ta.

Na matsa na ce masa a hankali, "Genival, don Allah cire abin nan."

"Ke da agogonki, ni da waliyyiyata. Na taɓa cewa ki cire naki?"

"Nawa ba ya shiga ruwa, mai taurin kai."

"To kai ƙarata wajen Likita mana, 'yar rahoto."

Ban kai ba. Na ji nauyin kunyata shi gaban abokansa, kuma gaskiya ni ma ina tsoron abin da zai biyo baya in aka karya alwashi. Na koma kan agogona.

Aka zagaye Pitanga da raga a ruwan da ya kai ƙirji, mai launin kofi da madara. Ta fito da hanci ta ja iska, na danna agogo. Maza shida suka fara tattaro raga zuwa gaɓa, ita kuma ta juya sau ɗaya, ta sake juyawa, ruwa ya hargitse. Da ya ɗan lafa sai na ƙirga kawuna, biyar na gani.

Kowa ya gane abin da ya faru, ba wanda ya gane dalili sai ni. Mazan suka yi ta ja, suna zaton hannun Genival ne ya sarƙe, jan nasu kuma yana ƙara tsorata dabbar tana ƙara naɗe raga. Ina ta cewa ƙafa ce, ƙafar hagu, muryata ba ta fita sosai. Agogo ya nuna daƙiƙa arba'in. Na san Pitanga tana iya yin minti goma sha biyar ba ta numfasa ba, Genival mai shan taba ko minti biyu ba zai kai ba. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Na fizgi wuƙar da ke ɗaure a gefen jirgi na faɗa ruwa. Ba a ganin komai. Na lalubo gwiwarsa, na bi ta ƙasa, igiyar ta nutse cikin dunƙulen raga da fatar ayu, ba wurin sa wuƙa sai in yanke masa jijiya. Sai na hau yankan raga ta ko'ina, yadda aka koya mana kada a taɓa yi. Na ji ƙafar ta saki, na kuma ji ƙatuwar jela ta shafe ni ta wuce.

Aka ja shi gaɓa yana aman ruwa, igiyarsa tana nan daram. Likita ta dubi ƙafar, ta dube ni, ta tambaya ko na sani. Na ce na sani. Sai ta ɗauko na'urar da ke jin ƙaran alamar da muka ɗaura wa Pitanga a jela. Dabbar ta tafi da rabin raga a jikinta, har da darmar da ke sa raga nutsewa.

Muka bi ƙaran har wani rami mai zurfi a gindin itatuwan fadama, nan ya tsaya wuri ɗaya. Aka kashe inji, aka tura a kawo masu nutso daga gari, tafiyar awa guda. Genival na zaune cikin tawul yana roƙon waliyyiyarsa ƙasa-ƙasa, ban ko kalle shi ba. Idona na kan ruwa, ina jiran hancin da na saba gogewa da tafin hannuna.

"Minti nawa, Zuleide?" in ji Likita.

Na duba. "Ashirin da shida."

Ta miƙo hannu ta karɓi agogon.