Mai Hular Kwano

Injin yankan itacen yana ƙasa yana ta gurnani, shi kuwa Amaechi yana zaune a gindin darbejiya ya dafe kai da hannu biyu. Busasshen reshen da ya rufto masa daga sama bai fi kaurin taɓarya ba. Albarka, wadda a tsakar gidanta ake aikin, ta jefar da ludayin waina ta taho da gudu.

"Amaechi, ka ji ciwo?"

Sai da ya miƙa hannu ya kashe injin tukuna, sannan ya shafa tsakiyar kansa ya duba tafinsa. Babu ko ɗigon jini.

"Ba komai, Maman Ƙauna. Kan Ibo ne fa, reshen za ki yi wa sannu."

Ta yi dariya, hankalinta ya kwanta. Ya sha ruwa, ya tashi ya ƙarasa sare rassan da suke gugar kwanon ɗakinta tun iskar farkon damina, ya ci waina da miya, ya saɓa injinsa ya shiga gida.

Amaechi haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Bayan ya yi aure ya dawo Samaru, ya kama haya a gidan da ke manne da na Albarka. Sana'arsa sare itatuwa, kuma ban taɓa jin mai tsoron injinsa kamarsa ba. Kullum sai ya bi haƙoran sarƙar da magagari, ya ja ta ya ji ko ta saki. Ba ya zuba fetur sai inji ya huce, ba ya ɗaga shi sama da kafaɗa, ba ya tayar da shi sai ya kori kowa nesa. Ga takalmi mai ƙarfe a baki, ga safar hannu, ga wata hular kwano ruwan lemo mai raga a fuska, wadda ko ana zafin da kaza ke buɗe baki sai ya kifa ta.

Ita kuwa Albarka, Allah ya ba ta hannun waina, ya haɗa mata da bakin tsiya. Babu ɗalibi ko mai Keke Napep a layin da bai sami suna a wajenta ba. Ba mugunta ba ce, wanda take so shi take tsokana. Ranar da ta fara ganin Amaechi cikin shirinsa, sai ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Ina ake yaƙin, Mai Hular Kwano?"

Shi ke nan suna ya bi shi. Yara suka mayar da shi waƙa, ɗalibai suna ɗaukarsa hoto a waya. Da farko yana taya su dariya. Daga baya ya koma cusa hular a buhu, sai ya bar unguwa ya sa. Albarka ta lura, wannan ma ta yi masa tsiya a kai. Ranar da ya shigo gidanta saran darbejiyar da kai a buɗe, ta gani sarai, har ta ce, "Yau an bar kai ya sha iska ke nan." Ta kuma ji daɗi a ranta, irin na wanda ya ci gardama.

Washegarin faɗowar reshen, da hantsi, matarsa Daberechi, mai sayar da yadi a kasuwar Sabon Gari, ta leƙo ta katanga.

"Mama, zo ki duba min shi. Tun safe yake amai, yanzu kuma ina tashinsa ba ya tashi."

A Keke Napep suka kai shi asibitin Shika, kansa a cinyar matarsa, ƙafafunsa a cinyar Albarka. Likitoci suka ce jini ne ya taru a cikin kai. An yi abin da za a iya yi, amma bai ƙara buɗe ido ba. Kafin Lahadi ya cika.

Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujerun roba. Albarka ta yi shara, ta yi girki, ta wanke tukwane, ta yi duk aikin da zai hana ta zama gaban Daberechi. Masu gaisuwa suna ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ita kuwa maganar ba ta shiga kunnenta. Abin da take ji kawai shi ne masu tambayar juna a hankali: yaya aka yi mutum mai taka-tsantsan haka ya shiga ƙarƙashin itace ba hula? Kunya ta hana ta cin abinci. Ta san amsar, tana kuma fargabar ranar da matar za ta dube ta ta yi mata wannan tambaya.

Ana gobe za a tafi da gawa kudu, Daberechi ta dawo daga Sabon Gari da damin takardun sanarwar rasuwa, irin waɗanda mutanensu ke bugawa da hoton mamaci. Ta aika a kira Albarka. Babu hanyar zillewa, ta shiga ɗakin ta tsuguna a bakin ƙofa.

Daberechi ta zaro ɗaya ta miƙa mata. Ga Amaechi cikin kwat ɗin aurensa yana murmushi. A ƙarƙashin sunansa, da manyan baƙaƙe, an rubuta MAI HULAR KWANO.

"In na sa sunansa kaɗai, rabin Samaru ba za su san wa ya mutu ba," in ji Daberechi.

Albarka ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Bakin nan da bai taɓa rasa abin faɗa ba, sai da ta yi ta lalubensa.

"Ƙanwata, akwai maganar da ya kamata ki ji daga bakina. Hular nan…"

"Na bi shi da ita har ƙofa ranar, Mama. Ya ce in mayar ɗaki, gidanki za shi."

Ta faɗe ta ne ba faɗa, ba kuka, idonta a kan takardun tana daidaita gefensu. Da ta zage ta, ko ta kwaɗa mata mari, da Albarka ta fi samun sauƙi.

"Ki yafe min, don girman Allah."

Daberechi ta ƙara zaro wata takardar ta ɗora mata a hannu.

"Katangarki ta fi kallon titi. Ki liƙa min."

Albarka ta fito. Ɗalibai sun taru a wajen tanda suna jiran wainar yamma, ba ta dubi kowa ba. Ta dama ɗan garin rogo a murfin kwano, ta shafa a bayan takardar da yatsa, ta manna a bangon da ke bayan kujerarta. Bangon ya sha ruwan sama, kusurwa ɗaya ta ƙi kamawa, tana saki tana ɗagowa. Sai ta sa tafin hannu ta danne, ta tsaya a nan ta ba titi baya, man da ke cikin tanda yana ta hayaƙi.