Ranar da Baba Ya Manta Hanyar Sauka

Likita ya ce kada a ƙara barin Baba ya hau tsauni, domin mantuwa ta fara cinsa. Yayana Alois ya ɓoye masa takalman hawa. Ni kuwa da na ga kullum yana wuni a bakin taga yana kallon Ƙahon Akuya, tsaunin da ya tsufa yana yi wa baƙi jagora zuwa ƙololuwarsa, sai na ɗauko takalman na ajiye a gabansa.

"Da wannan allon gugar za ki bi ni?" in ji shi. Haka yake kiran allona na zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda ake rabawa biyu a hau da shi, a haɗa a sauko.

"Allon gugar nan zai riga ka isa ƙasa, Baba."

"Sai dai in da mazaunai za ki sauko."

Muka manna fata a ƙarƙashin katakan zamiyarmu don kada su sulale baya, muka kama hawa da sassafe. Shi ne a gaba yana fasa hanya. Ƙafafunsa ba su manta komai ba. Da muka fita daga daji ya soka sanda a dusar ƙanƙara, ya ce bai yarda da gangaren hagu ba, muka bi ta dama. Har na fara cewa a raina likitan nan zuzuta abin ya yi.

A ƙololuwa muka jingina da wani gicciyen ƙarfe da aka kafa a can, na zuba masa shayi, na yanka cuku da baƙin burodi. Na haɗa allona. Shi kuwa yana tsaye yana kallon katakansa.

"Baba, ɓare fatar mu tafi."

Ya durƙusa ya shafa katakon, sannan ya ɗago.

"Baiwar Allah, ke kaɗai ce? Ina sauran baƙin?"

"Ni ce fa, Vroni."

Ya yi mini irin murmushin da yake yi wa baƙi. "Ina da 'ya mai sunan nan. Yarinya ce, tana makaranta."

Na ɓare masa fatar da kaina, na ɗaure masa takalman. Ya leƙa gangaren da ya sauka sau ba adadi, sai ya ja da baya.

"Ba a bi ta nan," ya ce. "Mutuwa za a yi."

Ya zauna daɓas. Na lallashe shi, na yi faɗa, har kuka na yi. Ko gezau. Iska ta taso, gajimare ya fara rufe kwari. Dole na kira masu ceto.

Muna jiran jirgi mai saukar ungulu na lulluɓe shi da rigata. Ya kama hannuna, nasa sanyi ƙalau.

"Kada ki ji tsoro," ya ce. "Zan sauke ki lafiya. Ban taɓa rasa baƙo ba."

A asibiti Alois ko kallona bai yi ba. Kafin ƙanƙarar ta narke aka kai Baba gidan kula da tsofaffi a cikin gari. Nakan je duk Lahadi. Wani lokaci yakan tambaye ni ko ni ce sabuwar nas, in ce e, domin sai haka yake yarda ya ci abinci.