Madatsar Yaya

Kowa a bakin kogin nan ya san Yaya da baki. In ya zauna a inuwa da rediyonsa, sai ya ɗauki tsinke ya zana maka kogin a ƙasa, tun daga duwatsun da ya fito har inda ya faɗa teku, ya dangwala madatsun ruwan ɗaya bayan ɗaya yana tsine musu.

"Mutanen sama ba su da imani! Da rani su kulle ruwa, in ya cika musu su sako mana ba ko sallama!"

To, bana rani ya yi tsanani, magudanar da ke shayar da gonarsa ta koma kamar fitsarin akuya, ga tumatir ya fara fure. Gangare da shi, a kan magudanar guda, akwai gonar ƙaninsa: albasa ce, ita ce cinsa da na iyalinsa.

Me gogan naka zai yi? Ya ɗura yashi a buhuna ya toshe magudanar.

Ƙanin ya zo ya rusuna. "Yaya, albasata na mutuwa. Ko kaɗan a sakar mini."

"Kai dai ka cika gajen haƙuri. In tawa ta ƙoshi zan sako maka."

Bawan Allah ya koma jidon ruwa a jarka daga kogi, shi da matarsa, har albasar ta farfaɗo.

Ran nan da hantsi mutanen sama suka buɗe ƙofofin madatsarsu. Ruwa ya taho, ya tarar da buhunan Yaya, ya juya cikin tumatir. Yaya ya yi salati, ya naɗe wando, ya faɗa ciki yana fizgar buhuna. Ga waya a aljihu, ko tunawa bai yi ba. Ruwan ya gangara gaba ɗaya ya kwashe albasar har da ƙasarta. Tumatir kam ya tsira.

Ƙanin ya hauro, taɓo har gwiwa. "Yaya, ko kira ɗaya? Da na fasa masa hanya ta gefe."

"Haba, ni na yi ruwan? Ya fi ƙarfina!"

Sai da maganar ta fita ya tuna inda ya samo ta. Shugaban madatsar mutanen sama ne ya faɗe ta bara a rediyo, shi kuwa har yawu ya tofar ranar. Kunya ta rufe shi. Ƙanin ya juya ya tafi, bai yi masa sallama ba.