Jawabin Bapak a Tsohon Faifai

Kwamfutar ta sake cijewa a daidai inda ta cije ɗazu, ta jefo wa Lastri saƙon da ta riga ta haddace: memori bai isa ba. Ta ture kofin shayin da ya huce, ta dafe kai. Rana ta fara ɗagawa, kuma da la'asar ake barin 'yan dubiya su shiga asibiti.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama mahaifinta, Pak Harjono, wanda suke kira Bapak, wato Baba, bai furta ko kalma ba. Mutumin da ya tsufa yana koyarwa a firamare a Semarang, wanda ba a biki a unguwa sai an miƙa masa makirufo, yanzu sai dai ya bi mutane da ido. Likitar da ke koya masa magana ce ta ce a nemo abin da ke ɗauke da muryarsa a kunna masa, wataƙila harshen ya tuna hanya. Lastri ta birkice akwatuna har ta tono faifan bikin ƙaninta Wisnu, inda tsohon ya yi jawabi. Abin da ya rage shi ne ta juya bidiyon ya koma irin wanda waya ke kunnawa.

Ta kira Wisnu a masana'antar da yake aiki a Batam, ta karanta masa saƙon. Ya yi dariya, ya kira ta da Mbak, wato Yaya.

"Mbak, wannan kwamfutar taki ai ta girmi aurena. Ki tausaya mata, jaki ne kika ɗora wa kayan raƙumi."

"Bikinka ne ya cika tsawo," in ji ta. "Rabinsa kai ne kana washe baki."

Ya ce ta rufe duk sauran manhajojin da ke buɗe, ta rage ingancin hoton, sannan ta yanka bidiyon gunduwa-gunduwa maimakon ta haɗiye shi lokaci guda. Ta bi yadda ya ce. Gunduwar farko ta fito lafiya, amarya da ango suna shigowa, kiɗa na tashi. Ta biyu ma haka, ga gwaggonni suna cika faranti da shinkafa. Har ta fara murmushi.

A gunduwar da jawabin yake sai wani sabon saƙo ya fito: an kasa karanta fayil.

Ta zaro faifan ta juya shi a hasken taga. Ga wani karce nan ya ratsa bayansa. Ta goge shi da tsumman tabarau a hankali, ta gwada kwafe fayil ɗin zuwa cikin kwamfutar tukuna, na'urar ta yi ta gurnani ta gaji. Wisnu ya ce nasa kwafin ambaliya ta cinye tun bara, kuma a muryarsa babu sauran wasa. Daga ƙarshe ya turo mata wata manhaja mai tsallake wurin da ya lalace ta ceto abin da ya samu.

Ta ceto hoton. Ga Bapak nan cikin rigar batik ruwan ƙasa, riƙe da makirufo, yana ɗaga yatsa kamar a gaban aji. Amma sauti babu. Ta ƙure ƙarar, ta sake juyawa, ta sauya saiti, shiru. Surutun gwaggonni duk ya tsira, muryar da take nema ce kaɗai ta tafi. Ta kifa kai a tebur ta yi kukanta mai isarta, sannan ta wanke fuska, ta tura bidiyon a waya, ta hau babur ɗinta.

A asibiti ta iske mahaifiyarta, Bu Sumarni, tana ba tsohon kunun shinkafa da cokali. Lastri ta sunkuya ta faɗa mata a kunne cewa aikin bai yi ba, hoto ne kawai.

"Kunna haka nan," in ji uwar. "Ai ina wurin aka yi."

Suka jingina wayar a gabansa. Tsohon ya ƙura wa kansa ido, bakin cikin allo yana motsi, nasa a rufe. Bu Sumarni ta gyara zama ta shiga fassara: nan yana gode wa baƙi, nan yana yi wa ango nasiha ya riƙe 'yar mutane amana. Da ya ɗaga yatsa a cikin bidiyon sai ta ce, "Nan kuma cewa yake, tun da ya aure ni ban taɓa ɗaga masa murya ba, ban taɓa ƙona masa abinci ba."

Maƙogwaron tsohon ya motsa. Leɓensa ya karkace, ya yi ta kokawa, har fuskarsa ta yi ja.

"Ƙar… ya."

Lastri ta toshe baki da hannu. Ta miƙe za ta kira likita, uwar ta riƙo gefen rigarta ta zaunar da ita. Ta goge masa baki da gefen gyalenta, ba ta dubi kowa ba.

"Mayar da bidiyon farko," in ji uwar. "Ina da sauran ƙarairayi."