Silin Gashin Mai Aski

"Tattara su duka, kada ka bar ko sili ɗaya," in ji mai aski, kansa na rawa a kan matashi.

Maƙwabcinsa kafinta ya ajiye reza, ya kakkaɓe tawul cikin tsohuwar jarida. Ikon Allah! Mutumin da ya aske kan unguwar nan kaf, yau ko kofi ba ya iya riƙewa. Ciwon daga yatsu ya faro, yadda ya faro wa mahaifinsa.

Likita ya so a yi gwajin ƙwayoyin halitta a ga ko na gado ne, ya ce ko gashi ma ya isa. Mai aski ya ce atafau. Ɗansa tilo direban babbar mota ne, kuma ya ji an ce masu inshora na leƙa irin wannan sakamakon, babu dokar da ta hana su. Suna janye masa inshora, kamfani zai karɓe makullin motar daga hannun yaron. Tun ranar yake sa a yi masa ƙwal-kwabo, a ƙone gashin.

"Kai dai da rigima," kafinta ya ce. "Wa zai biyo ka da tsintsiya?"

"Ba ka san su ba, malam."

Da la'asar rana takan kwanta a kan madubin shagon da aka jingina a bangon ɗakin. Mai aski yakan zuba masa ido yana murmushi, yana gaisawa da mutanen da suka daɗe a ƙasa. "Na gaba ya zauna," yakan ce, yatsunsa na tsarga iska kamar almakashi. Abin da ya faɗa ke nan ranar da ya cika, kafinta na riƙe da hannunsa har rawar ta tsaya.

Bayan an share makoki, direban ya zo kwashe kayan aikin. A ƙasan akwati ya tsinci wani tsohon mataji, da farin gashi sili ɗaya maƙale a haƙorinsa.

"Baffa, ga wanda ya tsere muku," ya ce wa kafinta, yana dariya da jajayen idanu.

Ya ɗaga matajin wajen taga. Tsoro ya kama kafinta, don ba gashin yake kallo ba, yatsun yaron yake kallo. Babu iska, ko labule bai motsa ba. Silin kuwa yana ta kaɗawa a hankali cikin hasken.