'Yan Kibiyoyin da Faruk Ya Share

Ƙarfe goma na safe, hadari ya haɗo ta wajen Tirmini amma ya ƙi zubowa. Faruk na zaune gaban ordinata, wato kwamfuta, a maɗaba'ar Alhaji Mahamud da ke Zango, zufa na bin bayansa. Sau bakwai yana buga umarnin shirya shafuka, sau bakwai baƙin allon yana cewa bai san wannan suna ba.

Shi kuwa ya san dalili. Jiya da la'asar, garin neman burge maigida, ya shiga wani dosiye, ma'ajiyar fayiloli a cikin injin, ya tarar da sunaye jere, kowanne da 'yar kibiya, ba su da nauyin komai. Ya ɗauka shara ce, ya share su tas. Da Alhaji ya tambaye shi yau, bakinsa ya riga shi: ai kuran ne, wutar lantarki, ya ɗauke.

Ga shi littafin waƙoƙin majami'ar su Malama Lidiya ne a kan aiki, gobe Lahadi ake son sa. Ita ce ma ta saka musu shirin tsara shafukan a injin tun farko, malamar lissafi ce a lise, wato sakandare.

"Malama, sai haƙuri," in ji Alhaji da ta shigo. "Kuran ya ci mana inji. Faruk dai ba ya taɓa abin da ba a sa shi ba, shi ya sa na bar masa makulli."

Faruk ya sunkuyar da kai, ya ba ta kujera. Ta danna maɓallin sama. Ashe injin yana riƙe duk abin da aka buga masa! Layuka suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, har na jiya ya fito, da sunan dosiyen ɓaro-ɓaro. Yatsanta ya tsaya. Faruk ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Me ya ce?" in ji Alhaji, yana laluben tabarau a aljihu.

"Shirin yana nan lafiya, Alhaji. Manunansa ne babu. Kamar allon bakin hanya mai nuna Dogo ne: ba shi ne garin ba, amma in aka tuge shi, baƙo sai ya wuce."

"To, wa ya tuge?"

Malama ta riga Faruk magana.

"A sake kafawa dai," ta ce. Ta buga layi guda, kibiyoyin suka dawo, shafin farko ya fito da ƙugiyoyin haruffansa daidai.

"Kai, kuran, Allah ya isa!" in ji Alhaji, ya sami tabaransa, ya matso.

Kafin ya kafa shi a hanci, ta ƙara buga wasu haruffa kaɗan. Layukan jiya suka ɓace, allon ya koma baƙi wuluk. Ta ɗauki jakarta, ta ce bari ta tari kabu-kabu kafin ruwa ya sauko. Faruk ya riƙe mata ƙofa, idonsa na kan takalmansa, har ta fice.