Wanda Ya Sauka Ya Bar Layi

A tashar 'yan acaɓa ta Kwanar Dangora doka ɗaya ce: wanda ya sauka daga kan mashin ya bar layi. Salla kaɗai ke sauke mutum. A kan mashin muke cin rogo, a kai muke musun ƙwallo, wasu a kai suke gyangyaɗi. Shekara huɗu ina haka, tun da na gama sakandare.

Sai ciwo ya zo. Can ƙasa, tsakanin cinyoyi, inda ba a nunawa. In na zauna kamar garwashi na danne. In na miƙe ya lafa. Fitsari ma sai da lallashi. Na daina ɗaukar hanyar Falgore saboda gargada.

Na gaya wa shugabanmu, Sha'aibu.

"Basir ne," ya ce.

"Ban gama faɗa ba, Ciyaman."

"Ba sai ka gama ba. Ba namiji ba ne kai? To basir ne."

Galan biyu na sha na maganin basir na mai lasifikar nan na kasuwar Ƙafin Maiyaki. Ciki ya wanke tas. Ciwo yana nan.

Yayata Maimuna ce ta tasa ni gaba zuwa asibiti a Kano. Aka yi gwaji, babu basir, babu ƙwayar cuta. Aka tura ni sashen gashin ƙashi da motsa jiki, wurin wani Malam Abdulmumini. Ya tambayi sana'ata, ya tambayi awa nawa nake zama.

"Daga asuba zuwa magariba."

"Ko babu fasinja?"

"Musamman in babu fasinja."

Ya ajiye biro. Ya ce akwai tsoka a ƙasan ƙugu, shimfiɗe kamar faifai. Zama ya ɗaure tawa tamau, tana matse jijiya. Ya koya min kwanciya rigingine, in jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, in ja numfashi har ciki ya cika, in saki a hankali. Ya ce in riƙa zama a ruwan ɗumi, in sa soso mai rami a wurin zama, in dawo duk sati.

"Amma babban maganin, Labaran, duk rabin awa ka sauka. Ka taka, ka tsuguna. In ba haka ba, nan da shekara mashin ɗin nan sai dai ka kalle shi."

Ba ni da wata sana'ar.

Washegari ina na biyu a layi lokaci ya cika. Na sauka. Mudi, wanda ke bayana, ya turo tayarsa gurbina kafin ƙafata ta biyu ta taɓa ƙasa. Na zaga bayan rumfar mai faci na shimfiɗa buhu. Ina rungume da gwiwoyi suka leƙo.

"Sannu mai naƙuda! A kira ungozoma?"

"Allah ya raba lafiya. In namiji ne a sa masa Mudi."

Na ci gaba da jan numfashina. Sati uku ina sauka, ina komawa ƙarshen layi. Fasinjan da nake samu bai kai rabin na da ba. Amma garwashin ya zama toka. Ran nan na kai wani Bafulatani har bakin Falgore, na dawo ina fito.

Da la'asar Ciyaman ya yafito ni gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Wani abokina ne, a Doguwa. Irin naka ke damunsa."

"Basir ne, Ciyaman."

"Kai, ba na son iskanci. Gwiwar, dama ake fara jawowa ko hagu?"

Na nuna masa. Na ce abokin ya je a duba shi tukuna, kuma dole ya riƙa sauka.

"Abokina babban mutum ne. Ba ya sauka a gaban yara."

Ranar Litinin ya tara mu. Ya ce hatsari ya yi yawa a hanyar Zariya, don haka daga yau duk rabin awa kowa zai sauka, ya zaga mashin sau uku, ya tsuguna ya duba taya, kuma layinsa na nan. Wanda ya ƙi, a kore shi daga tasha.

Yanzu duk rabin awa usur yake busawa. Maza talatin su tsuguna, kowa ya zuba wa lafiyayyar taya ido. Mudi ya fi kowa daɗewa a ƙasa. Ya ce tayarsa ta baya ce ba ta yi masa ba.